Yadda Beli da Lamuni Suke Aiki Bayan An Kama Mutum

Idan labari ya zo cewa 'yan sanda sun tafi da wani naka, maganar da ke fara zuwa bakin kowa ita ce a je a yi belinsa, amma kaɗan ne daga cikin masu faɗar hakan suka san abin da za su tarar, da irin takardun da za a miƙo musu su sa hannu, da nauyin da zai hau kansu daga wannan rana har zuwa ranar da za a yanke hukunci. Beli shi ne sakin wanda ake zargi daga inda ake tsare da shi kafin a kammala bincike ko shari'a, bisa alkawarin cewa zai dawo duk lokacin da aka neme shi. Lamuni kuwa, wanda takardun kotu na Turanci ke kira bond, shi ne rubutaccen alkawarin da shi kansa ko wani da ya tsaya masa yake yi cewa idan bai dawo ba, za a biya hukuma kuɗi kaza, ko kuma a rasa wata kadara da aka jinginar. Abu ɗaya kotu take nema a dukan wannan sha'ani, wato tabbacin cewa mutumin zai dawo ya fuskanci shari'arsa ba tare da ya ɓata shaida ko ya cutar da kowa ba. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai gane dalilin kowace tambaya da alƙali zai yi, kuma zai san irin amsar da ya kamata ya shirya.

Tushen beli shi ne ƙa'idar da ta ce wanda ake zargi ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar da laifinsa. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙoƙin farar hula da na siyasa, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1966, ta faɗa a sashe na 9 cewa bai kamata tsare masu jiran shari'a ya zama shi ne abin da aka saba ba, ko da yake ana iya ɗaure sakinsu da sharuɗɗan da za su tabbatar da dawowarsu. Sai dai kowace ƙasa tana da nata tsarin, a Amurka ma kowace jiha da nata, saboda haka wajibi ne ka tambayi lauya yadda dokar wurin da aka yi kamun take kafin ka ɗauki wani mataki mai tsada.

Sa'o'in farko

Abu na farko shi ne ka san ainihin inda yake, da hukumar da ta kama shi, da sunan jami'in da ke riƙe da maganar, da laifin da aka rubuta masa. Ka rubuta ranar da aka kama shi da lokacin, domin daga wannan lokacin ake fara ƙirga wa'adin da doka ta ba 'yan sanda, kuma lauyan da za ka kira zai fara da wannan tambayar. A Ingila, dokar 1984 da ta tsara aikin 'yan sanda ta ba su awa 24 su tuhumi mutum ko su sake shi, babban jami'i yana iya ƙara wa'adin zuwa awa 36 a kan laifi mai girma, kotun majistare kuma tana iya kai shi har awa 96, ban da zargin ta'addanci da ke da tasa dokar. A Indiya kundin tsarin mulki ya wajabta a kai wanda aka kama gaban majistare cikin awa 24, ban da lokacin tafiya. A Najeriya sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba da kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu kuma kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace, sai dai wannan bai shafi laifin da hukuncinsa kisa ne ba. A Amurka Kotun Ƙoli ta yanke a 1991 cewa wanda aka kama ba tare da takardar izinin kamu ba ya kamata alƙali ya duba dalilin kamun cikin awa 48.

Na biyu, a samu hanyar isar masa da saƙo cewa ya kame bakinsa game da abin da ake zarginsa da shi har sai ya ga lauya. Ya ba da sunansa da adireshinsa na gaskiya, ya guji gardama da jami'ai, amma kada ya sa hannu a kan bayanin da bai karanta ba ko wanda ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. Baki shi ke yanka wuya, kuma sau da yawa wanda aka kama yana ganin idan ya yi dogon bayani za a tausaya a sake shi, alhali wannan bayanin ne mai gabatar da ƙara zai ɗauko gobe ya nemi a hana shi beli. Haka kuma a gidajen tsare mutane da yawa, musamman a Amurka, ana naɗar maganar da ake yi ta waya, saboda haka idan ya kira gida a tsaya kan lafiyarsa, da magungunan da yake sha, da batun lauya, a bar labarin abin da ya faru sai an haɗu da lauyan.

Idan a ƙasar waje aka kama shi, yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar ƙananan ofisoshin jakadanci ta ba shi haƙƙin neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Ofishin ba zai biya masa beli ba, amma yana iya ziyartarsa, ya sanar da iyalansa, ya kuma ba da sunayen lauyoyi.

A kan ƙananan laifuffuka, ba lallai ne maganar ta kai gaban alƙali kafin a sake shi ba. 'Yan sanda da kansu suna iya ba da beli, mutum ya sa hannu cewa zai dawo rana kaza, shi kaɗai ko tare da wanda ya tsaya masa. A Ingila ba a biyan jami'i komai a kan wannan, a Najeriya ma belin 'yan sanda kyauta ne a doka. A wurare da yawa a Amurka kuwa akwai jadawalin da ya ƙayyade kuɗin beli ga kowane irin laifi, wanda ya biya zai iya fita tun kafin ya ga alƙali. A ko'ina aka yi, duk kuɗin da doka ta san da shi yana da rasiti mai ɗauke da sunan hukuma da lambar shari'a. Kuɗin da aka ce a bayar a asirce ba tare da rasiti ba cin hanci ne, ba ya dawowa, kuma yana iya jefa wanda ya bayar cikin sabon laifi.

A gaban alƙali

Zaman da ake yanke maganar beli yakan zama gajere ƙwarai, wani lokaci 'yan mintuna, shi ya sa shirin da aka yi kafin a shiga ya fi abin da za a faɗa a ciki muhimmanci. Alƙali zai duba girman laifin da irin hukuncin da zai iya biyo baya, domin wanda ke fuskantar ɗaurin shekaru masu yawa ya fi kusa da tunanin gudu. Zai duba ƙarfin shaidar da ke hannun mai gabatar da ƙara, da ko an taɓa samun mutumin da laifi, da ko ya taɓa ƙin zuwa kotu a baya, da ko sakinsa zai zama barazana ga wanda ya kai ƙara ko ga shaidu. Sannan zai duba abin da ya ɗaure mutumin da wurin da yake zaune: iyali, aiki, makaranta, gida, da daɗewarsa a adireshinsa.

Wannan na ƙarshen shi ne inda dangi suke da abin yi. Ku tara wa lauya shaidar wurin zama, da takarda daga wurin aiki ko makaranta, da takardun asibiti idan yana da ciwon da ke buƙatar kulawa, da bayanin waɗanda yake ciyarwa. Ku zo kotun da kanku, ku zo da wanda zai tsaya masa tare da katin shaidarsa da takardun da ke nuna abin da ya mallaka, domin idan alƙali ya ba da beli amma babu mai cika sharuɗɗan a ranar, mutumin zai kwana a gidan yari, kuma fito da shi daga can ya fi fito da shi daga harabar kotu wahala. Lauya mai hankali yakan riga mai gabatar da ƙara, ya kawo sharuɗɗan da za su kwantar wa kotu da hankali tun kafin a nema: a ajiye fasfo, a riƙa sa hannu a ofishin 'yan sanda kowane mako, a nisanci unguwar mai ƙara. Idan babu halin ɗaukar lauya, a nemi na hukumar ba da agajin shari'a ko lauyan gwamnati mai kare marasa galihu, kuma a faɗa wa alƙali a fili cewa ana buƙatarsa.

Abin da alƙali zai iya yi yana da matakai. Mafi sauƙi shi ne ya saki mutum bisa alkawarinsa kawai, babu kuɗi babu mai tsayawa. Wannan hanya ta samu karɓuwa a Amurka bayan wani gwaji da aka fara a Manhattan a 1961, wanda ya nuna cewa mutanen da ke da iyali da aiki da tabbataccen wurin zama suna dawowa kotu ko da ba a karɓi ko kwabo daga hannunsu ba. Sama da wannan akwai lamunin da mutum yake sa hannu cewa zai biya kuɗi kaza idan ya gudu, amma ba ya ajiye komai a yanzu. Sai lamunin da ake neman mai tsayawa ɗaya ko biyu. Sai kuma wanda ake ajiye tsabar kuɗi ko a jinginar da gida ko fili. A ƙarshe akwai hana beli gaba ɗaya. A Najeriya laifin da hukuncinsa kisa ne alƙalin babbar kotu kaɗai ke iya ba da belinsa, kuma sai a yanayi na musamman. A Indiya doka ta raba laifuffuka gida biyu, waɗanda beli haƙƙi ne a cikinsu da waɗanda ya rage ga kotu. A Amurka dokar tarayya ta 1984 ta ba alƙali ikon tsare wanda aka nuna cewa hatsari ne ga jama'a, Kotun Ƙoli kuma ta amince da hakan a 1987.

Akwai kuma hana beli a fakaice, wato a sa kuɗi ko sharaɗin da aka san mutum ba zai iya cikawa ba, kuma doka ba ta yarda da shi ba. Gyara na takwas na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya haramta belin da ya wuce kima, a 1951 kuma Kotun Ƙoli ta bayyana, a shari'ar wasu mutum 12 da aka sa wa kowannensu dala 50,000, cewa duk kuɗin da ya zarce abin da ake buƙata domin tabbatar da dawowar mutum ya wuce kima. A Indiya a 1978 wani magini mai suna Moti Ram ya kai kukansa Kotun Ƙoli bayan an nemi ya kawo lamunin rupi 10,000, aka kuma ƙi karɓar ɗan'uwansa a matsayin mai tsayawa saboda kadarorinsa suna wata gunduma. Kotun ta yi tir da wannan, ta ba da umarni a sake shi bisa lamunin kansa na rupi 1,000. Saboda haka idan an sa abin da ya fi ƙarfinku, kada ku fara da sayar da abin hannunku. Ku fara da neman lauya ya shigar da buƙatar a sassauta sharuɗɗan, tare da takardar rantsuwa da ke nuna ainihin abin da mutumin yake samu.

Kuɗi, jingina, da dillalan beli

A ce alƙali a wata jiha ta Amurka ya sa beli dala 10,000. Idan dangi suka kai dala 10,000 ɗin ga akawun kotu, kuɗin ajiya ne, kuma idan mutumin ya halarci kowane zama za a mayar da shi a ƙarshen shari'a ko an same shi da laifi ko an wanke shi, sai dai a wasu wurare ana cire kuɗin aiki ko tarar da aka ci shi. Wasu kotuna suna yarda a ajiye kashi 10 cikin 100 kawai a hannunsu, wato dala 1,000, kuma mafi yawan wannan ma yana dawowa. Hanya ta uku ita ce dillalin beli, wato kamfanin da ke tsaya wa mutum a kotu domin riba. Shi ma yawanci kashi 10 cikin 100 yake karɓa, dala 1,000 ke nan, amma nasa ladan aiki ne, ba ya dawowa ko da an janye ƙarar washegari. Mutane da yawa suna rikita waɗannan dala 1,000 guda biyu, sai bayan shari'a su je neman kuɗinsu su tarar babu abin karɓa.

Dillalin ba ya tsayawa a kan ladansa. Zai nemi wani daga dangi ya sa hannu cewa idan wanda aka yi wa belin ya gudu, shi ne zai biya cikakkun dala 10,000 tare da kuɗin da aka kashe wajen nemo shi, kuma yakan riƙe takardar mota ko ta gida a matsayin jingina. Idan mutumin ya ƙi zuwa kotu, akan ba kamfanin wa'adi ya kawo shi kafin a ci kuɗin, a Kalifoniya kwana 180 ne, shi ya sa kamfanonin suke ɗaukar masu farautar waɗanda suka tsallake beli. Wannan sana'a kusan a Amurka da Filifin kaɗai ta kafu, a cikin Amurkar ma jihohin Ilinoi, Kentaki, Oregon da Wiskonsin ba su yarda da ita ba. Jihar Niyu Jasi ta rage dogaro da belin kuɗi sosai daga 2017, Ilinoi kuma ta soke shi gaba ɗaya a watan Satumba na 2023. A Ingila abin ya fi haka tsanani, domin dokar beli ta 1976 ta mayar da shi laifi mutum ya yi alkawarin biyan mai tsayawa asarar da zai yi, saboda idan mai tsayawa ba shi da abin da zai rasa, ba shi da dalilin sa ido a kan wanda ya tsaya wa.

Idan dole ta sa za a bi ta hannun dillali, a tabbatar yana da lasisi, a karanta yarjejeniyar daga farko har ƙarshe, a tambayi ko ana sake biyan ladan idan shari'ar ta wuce shekara ɗaya, a kuma karɓi rasitin kowane abu da aka miƙa masa.

Wanda zai tsaya

A ganina wannan ne wurin da mutanen kirki suka fi shiga uku, domin ana zuwa musu cikin dare da kuka, ana ce musu sa hannu ne kawai, su kuma kunya da zumunci ba sa barinsu su yi tambaya. Mai tsayawa yana yi wa kotu alkawari ne da dukiyarsa cewa wani mutum baligi, wanda ba ya iya ɗaure shi, zai zo kotu a kowace rana da aka sa, ko da shari'ar za ta ɗauki shekaru. A tsarin Ingila da ƙasashen da suka gaji dokarta, galibi ba ya ajiye kuɗin a ranar, kuma wannan ne yake yaudarar mutane, su ga kamar lambar da aka rubuta a takarda ado ce. Ranar da wanda ake tuhuma ya ɓace, kotu za ta aika wa mai tsayawa sammaci ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a ci kuɗin, idan bai gamsar da ita ba, za a umarce shi ya biya, in ya kasa a kama kadarorinsa, a wasu ƙasashen ma har a ɗaure shi.

Kotu ba ta karɓar kowa. Dokar Ingila ta ce a duba abin da mutum ya mallaka, da halinsa da ko an taɓa samunsa da laifi, da kusancinsa da wanda ake tuhuma ta fuskar dangantaka ko wurin zama, kuma kusan ko'ina ma'aunin ke nan. Ma'aikatan kotu sukan je su ga adireshin da idonsu, su tantance takardun gida ko na albashi. A Najeriya dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta faɗa ƙarara cewa ba za a hana mace tsaya wa wani ba don kawai ita mace ce, ta kuma haramta kama wani a madadin wanda ake nema. Wani lokaci alƙali da kansa yakan kira mai tsayawa gaba ya tambaye shi:

"Malam, mene ne tsakaninka da shi?"

"Ƙanena ne, ya mai shari'a."

"Ka san cewa idan bai zo ba kuɗin nan a kanka yake? Kana da abin da za ka biya da shi?"

Duk wanda ya ji ƙirjinsa ya buga da wannan tambayar, gara ya yi wa kansa ita tun a gida. Ka san inda mutumin yake kwana? Idan ka kira shi yana ɗagawa? Ya taɓa yin alkawari ya ɓace? Yana da hanya da dalilin barin ƙasar? Idan aka ci kuɗin, iyalinka za su rasa matsuguni? Ƙin tsayawa ba yanke zumunci ba ne, domin kana iya taimakawa da kuɗin lauya, ko da kai shi kotu a kowane zama, ba tare da ka jinginar da gidan 'ya'yanka ba. Idan kuma ka yarda za ka tsaya, kada ka sa hannu a takardar da aka bar gurbin kuɗi ko na suna a buɗe, kada ka ba da adireshin ƙarya ko takardar da ba taka ba, ka ɗauki hoton abin da ka sa wa hannu, ka kuma rubuta lambar shari'ar da sunan kotun. Ku guji mutanen da ke yawo a bakin kotuna suna tsaya wa waɗanda ba su sani ba domin a biya su, domin ranar da aka gano takardunsu na bogi ne, belin zai rushe, wanda aka yi wa belin kuma zai koma tsare da sabon tabo a idon alƙali.

Akwai ƙofar fita da yawancin masu tsayawa ba su san da ita ba. Idan ka ga alamun mutumin yana shirin gudu, ko ya daina jin maganarka, kana iya rubuta wa kotu ka nemi ta sauke maka nauyin. Kotu za ta sa a kawo shi, ta nemi ya kawo wani mai tsayawa, in bai samu ba ya koma tsare. Abu ne mai ɗaci a tsakanin 'yan'uwa, amma dole ne a yi shi kafin ya ɓace, domin bayan ya ɓace wannan ƙofar ta rufe, abin da ya rage kawai shi ne ka nuna wa kotu irin ƙoƙarin da ka yi wajen hana shi da kuma nemo shi, wataƙila ta rage abin da za ka biya.

Bayan an fito

Wanda aka ba beli ya karɓi kwafin sharuɗɗansa ya karanta su da lauyansa ɗaya bayan ɗaya. Sharaɗin da aka fi karyawa shi ne na nisantar mai ƙara da shaidu, saboda mutane suna zaton aika saƙon ban haƙuri, ko tura wani babba ya je ya roƙa, ko rubuta wani abu a Facebook ba tuntuɓa ba ce. A idon kotu tuntuɓa ce, ko da mai ƙarar ne ya fara kira, kuma ta isa a soke beli. Idan ana son sulhu, a bi ta hannun lauya da sanin kotu. Haka kuma duk sharaɗin da ya zama ba zai yiwu ba, kamar sauya gida, ko tafiyar jinya, ko aikin dare ga wanda aka hana fita da dare, a nemi kotu ta gyara shi tun kafin a saɓa.

Ranar zama kuwa a rubuta ta a wurare da yawa, mai tsayawa ma ya riƙe ta. Da yawa daga cikin waɗanda ba sa zuwa kotu ba gudu suka yi ba, mantuwa ce, ko rashin abin hawa, ko ruɗewa bayan an ɗage shari'a sau da dama, shi ya sa wasu kotuna suka fara tura saƙon tunatarwa ta waya. Sai dai uzurin da ba a kawo a kan lokaci ba, ba ya hana alƙali ba da izinin kamu. A Ingila ƙin miƙa kai ba tare da dalili mai ƙarfi ba laifi ne mai zaman kansa, wanda zai iya kai mutum ɗaurin wata 3 a kotun majistare ko wata 12 a babbar kotu, ko da daga baya an wanke shi daga ainihin zargin. Idan rashin lafiya ko hatsari ya hana zuwa, a kira lauya a ranar, a kai takardar asibiti, mutumin kuma ya kai kansa kotu da zarar ya iya, domin wanda ya zo da ƙafarsa ya fi wanda aka kamo samun sassauci.

Idan an hana belin ko an kasa cika sharuɗɗansa, maganar ba ta ƙare ba. Ana iya sake nema idan yanayi ya sauya, ana iya zuwa kotun da ke sama, a Indiya ma idan 'yan sanda ba su kammala bincike cikin kwana 60 ko 90 ba, gwargwadon girman laifin, beli ya zama haƙƙin wanda ake tsare da shi. Kada dangi su yi sanyi, domin zaman jiran shari'a yana cinye mutum. Kalief Browder yana ɗan shekara 16 aka kama shi a Niyu Yok a 2010 bisa zargin satar jakar goyo, aka sa masa belin dala 3,000 da iyalansa ba su iya biya ba, ya yi kusan shekara uku a gidan yarin Rikers ba tare da an yi masa shari'a ba, aka janye ƙarar a 2013, ya kashe kansa a 2015. An yi masa tayin ya amsa laifi a sake shi, ya ƙi. Mutane da yawa a irin halinsa suna amsawa domin su koma gida, sannan tabon ya bi su wajen neman aiki da izinin zama a ƙasa, saboda haka kada kowa ya amsa laifin da bai yi ba kafin lauya ya bayyana masa abin da zai biyo baya.

Idan shari'a ta ƙare, ta kowace fuska ta ƙare, lamunin ya faɗi, amma kuɗi da takardu ba sa dawowa da kansu. Wanda sunansa ke kan rasitin shi ne zai nemi a mayar masa, saboda haka tun ranar biya a tabbatar an rubuta sunan mai kuɗin na gaskiya. A je wurin magatakardan kotu da rasitin asali, da katin shaida, da kwafin hukuncin, a nemi takardar da ke nuna an sauke wa mai tsayawa nauyi, a karɓi fasfo da takardun gida da aka ajiye. Idan an rubuta jinginar a ofishin rajistar filaye, ko dillali ya riƙe takardar mota, a bi sawu har a goge ta a rubuce, domin jinginar da aka manta da ita takan fito ne ranar da mai gidan ya tashi sayarwa ko neman rance a banki. A wasu wuraren kuma akwai wa'adin neman kuɗin, wanda idan ya wuce sai ya koma asusun gwamnati, don haka a tambayi magatakarda wannan wa'adin a ranar da aka yanke hukunci.